Miliyan Ɗin Bilki

Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, an kwana ana ruwa kuma aka tashi da shi, har kwatar ƙofar gidanmu a Agege ta cika ta tumbatsa tana janye da ledoji da ɓawon lemo. Saboda hanya ta caɓe, Baba bai kai sabuwar dilar gwanjonsa rumfa ba, ya sa 'yan dako suka dire ta a barandar gida. Ina tsaye ya datse ƙarfen da aka ɗaure ta da shi, dilar ta saki jiki ta kumbura kamar ƙullin fanke, warin nan na maganin kayan Turai ya gauraye gidan, har Iya Sikira mai dafa wake a ɗakin da ke kallon namu ta leƙo tana toshe hanci tana yi wa Baba addu'ar ciniki da Yarbanci. Ni da Bilki muka shimfiɗa tabarma muka zauna, domin lalube aljihu aikin yaran gida ne.

A gidanmu ba a kai tufa wurin mai guga sai an juye kowane aljihunta, tun ranar da wata alewa ta narke a ƙarƙashin dutsen guga ta ɓata wa Baba wando mai tsada. Dokarsa kuwa ɗaya ce, ya sha faɗa mana har mun haddace: "Kuɗin da kasuwa ke karɓa na mai dila ne, sauran tarkace na mai tsintuwa." Da wannan doka na cika gwangwanin madara guda da maɓallai masu ƙyalli, da ɗan kunne ƙwaya ɗaya, da makullan da ba su da ƙofa, da silallan ƙasashen waje waɗanda 'yan canji ba sa ko kallo. Na daɗe a aikin, na san inda arziki yake. Wandunan samari da rigunan yara su ke ɓoye abin kirki. Manyan kwat-kwat na tsofaffi kuwa, masu nauyin tsiya da ƙaiƙayi, ba a samun komai a cikinsu sai hankici mai datti. Don haka na jawo tulin wanduna gabana, na tura wa Bilki kwat-kwat, na ce mata haka al'ada take, baƙo da su yake fara koyo. Ba wata al'ada, ni na ƙirƙiro ta a wurin.

Bilki 'yar ƙanen Baba ce. An kawo ta daga ƙauyensu a ƙasar Ringim watanni kaɗan kafin wannan rana, bayan mahaifiyarta ta haifi tagwaye hidima ta yi yawa, aka ce ta zo ta yi karatu tare da ni. Wata huɗu kacal na ba ta, amma tun ranar da ta sauka na kafa mata sharaɗin kirana Yaya, ita kuma ba ta musa ba. Ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turancin buroka, ƙarar jirgin ƙasa ma firgita ta take yi. Ni da aka haifa a Agege, kakana tsohon soja ne da ya yi zamansa a Legas tun zamanin Turawa, sai na zame mata baki da ido. Ni ke saya mata burodi, ni ke riƙe hannunta mu tsallake layin dogo, ni ke yi mata faɗa a layin famfo in wata ta ture mata bokiti, ni ke gaya wa kwandastan motar danfo inda za mu sauka. A makaranta tana bayana kamar jela. In ana wasan suwe ko tafa-tafa, sai na ce a sa ta ake sa ta. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan mulki ƙwarai, kuma na ɗauka haka za mu dawwama.

To ranar nan ina ta zaro maɓallai ina mata gwalo, sai na ga ta tsaya a kan wata kwat mai ruwan toka tana matsa gefenta. Aljihun ciki ya huje, wani abu ya zurara can ƙasa tsakanin yadi da shafi. Da siririn hannunta ta bi hujin har gwiwar hannu, ta fito da wata takarda a ninke cikin farar leda. Da ta buɗe sai ga kuɗi, amma irin wanda ba mu taɓa gani ba. Ya fi duk takardun nairarmu faɗi, shuɗi ne da ya koɗe, da hoton wata budurwa a gefe da ganye zagaye da kanta, tana kallon wani wuri kamar an ɓata mata rai. A jiki an rubuta ɗaya da sifili shida. Na sake dubawa ko idona ne, ba idona ba ne. Baba ya karɓa ya ɗaga a hasken ƙofa, ya juya gaba ya juya baya, ya yi dariya ya ce wannan ai kuɗin wasa ne, ya miƙa mata kayanta. Sannan ya dafa kanta ya ce hannun yarinyar nan da albarka. Shekara uku ina lalube masa aljihu, bai taɓa cewa hannuna da albarka ba.

Ran Litinin Bilki ta je makaranta da takardar a tsakiyar littafin lissafinta. Kafin a kaɗa ƙararrawar tara, labari ya gama ajinmu ya tsallaka aji shida. Yarinyar da ba wanda ya san muryarta, sai ga ta a gindin bishiyar almon an kewaye ta, ana layi don a gani, ita kuma tana buɗe littafin kaɗan tana rufewa. 'Yan ajinmu suka laƙaba mata Bilki Olowo, wato Bilki mai kuɗi. Wata Kehinde da na shekara biyu ina neman ƙawancenta ta ba Bilki rabin gurgurunta don kawai ta taɓa hoton budurwar da ɗan yatsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya neme ni in yi tafinta. Da hannu da ido da guntun Yarbancin da ta tsinta suka fahimci juna, ashe duk zaman da take yi a bayana kunnenta a buɗe yake. Da aka tashi wasan suwe, ita aka fara zaɓa, ni kuma sai da ta ce a sa Yayarta aka sa ni. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba saboda ƙyashi.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na ce ta ba ni in ba ta gwangwanina gaba ɗaya, ta ce a'a cikin ladabi. Na ƙara da ɗankwalina na sallah, ta ce a'a. Na ce mata hoton mace a cikin littafi yana hana mala'iku shiga jaka, ta ce to za ta tambayi malamin Islamiyya, na yi maza na ce ta bari. Mama ta lura da yadda nake kumbure-kumbure a wurin wanke-wanke, ina buga kwanuka kamar su suka yi mini laifi, ta ce mini ba tare da ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba: "Rakiya, hassada ga mai rabo taki ce." Na ce ni ba hassada nake ba. Ta ce to Allah ya sa, ta ci gaba da aikinta.

Sai dokar Baba ta faɗo mini a rai. In har takardar kuɗin gaske ce, ai ba ta Bilki ba ce, ta mai dila ce. Ni ban damu in samu ba a lokacin, burina kawai ta bar hannunta. Na sami Baba yana cin tuwo na zauna kusa da shi da fuskar mai kishin gida, na ce kada fa a yi sakaci da miliyan guda a jakar yarinya, ƙila kuɗin wata babbar ƙasa ne, ƙila ya sayi gidan nan da muke haya har da na kusa da shi. Baba ya ci gaba da tauna. Na ga maganar ta shige shi, domin ɗan kasuwa ba ya son a ce arziki ya wuce ta gabansa yana dariya. Washegari bayan la'asar ya ce mu sa hijabi mu biyo shi. Bilki ta rungume littafin a ƙirji, idonta ya ciko, ni kuwa ina gaba ina tsalle a kan kududdufai.

Wurin Malam Ɗanladi ya kai mu, wani dattijo mai canjin kuɗi da ke zama a benci kusa da masallacin unguwa, da jakar fata a cinya da tabarau ɗaure da zare. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi wani murmushi kamar ya haɗu da tsohon sani. Ya ce kafin ya shiga canji ya yi shekaru yana tuƙa wani tsohon Bature likita a Ikeja, mutumin ƙasar Hangari, kuma irin wannan takarda ce likitan ke yin alama da ita a littafin da yake karantawa. Ya nuna mana sunan babban birninsu, Budapest, da shekarar da aka buga ta, 1923, ya ce sunan kuɗin korona. Kamar yadda likitan ya ba shi labari, bayan yaƙin duniya na farko ƙasarsu ta sha kashi, aka yayyanke ta, baitulmali ya bushe, sai hukuma ta shiga buga kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Yau a fito da ta dubu goma, gobe ta dubu ɗari, jibi ta miliyan. Ma'aikaci ya karɓi albashi a farkon wata, kafin wata ya mutu ya zama ba ya sayen rabin abin da zai saya. Waɗanda suka yi shekaru suna tari don tsufa suka wayi gari da tulin takarda. Miliyan ɗin da a da sai a labarin masu ƙasa ake jin sa, ya koma da ƙyar ya ɗinka wa mutum kwat irin wadda aka tsince shi a ciki. Daga baya aka kawo sabon kuɗi, aka yi watsi da wannan.

Baba ya tambaye shi ko yanzu za a ba da wani abu a kanta. Malam Ɗanladi ya girgiza kai ya ce:

"Alhaji, wannan ta rasu tun kafin a haife ka. Ko ƙwayar gyaɗa ba za ta saya ba. Amma wanda ya adana ta a aljihun ƙirji har ya tsufa, ba don ciniki ya adana ba."

Ya ninke ta yadda take ya sa a hannun Bilki, ya ce ta riƙe da kyau. Baba ya ce to shi ke nan, magana ta ƙare a gaban shaida, tarkace ne, na mai tsintuwa ne har abada. Da ƙafata na kai ta inda aka tabbatar mata da kayanta. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, kuma bai tsaya nan ba, domin yanzu Bilki ta sami labari a kan takarda. A gindin almon tana ba da shi da Hausa da buroka da hannu, yadda mutane ke gudu kasuwa da albashi kafin ya narke, har malaminmu na tarihi ya kira ta gaban aji ta maimaita, ya sa aka tafa mata. Na yi ta gaya wa kowa cewa kuɗin matacce ne, ba ya sayen ko gyaɗa. Ba wanda ya damu. Kehinde ma cewa ta yi ai shi ya sa ya fi daɗi.

Wata Laraba da yamma, Mama ta tafi gidan suna, Baba yana rumfa, Bilki ta ɗauki bokiti ta nufi famfo da sauri har ta manta gammonta a kan ƙusa. Na buɗe jakarta na zare takardar daga littafin lissafi. Wallahi ban yi niyyar yaga ta ba, kuma ban isa in riƙe ta ba, domin ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. So nake kawai ta kwana biyu ba ta da ita, a watse daga gindin almon, ta dawo bayana, sannan in yi kamar na tsinto mata a gode mini. Na shiga ɗan ɗakin da Baba ke ajiye kaya, inda kwat-kwat ɗin nan suke jibge an goge su, wata guda ba wanda ya taya saboda ba mai sa su a zafin Legas. Na zaɓi wata baƙa a can ƙasa na tura takardar a aljihun ciki, na fito ina ta shara kamar mutuniyar kirki. Da Bilki ta dawo da ruwa, ta juye a randa ta koma.

Washegari muka dawo daga makaranta na tarar da ɗakin kaya fayau. Wani mai sarin kaya zuwa Jos ya zo da hantsi ya kwashe kwat-kwat ɗin duka, Baba na ta murna an rabu da kayan nauyi, har ya sayo mana tsire. Na tsaya a ƙofar ɗakin ina kallon siminti. Tsiren nan ban san yadda na haɗiye shi ba.

Bilki ta gaya wa Mama takardarta ta ɓata. Aka zazzage jaka, aka ɗaga tabarma, aka leƙa bayan akwati, ni ce ma kan gaba wajen nema, har da shiga ƙarƙashin gado. Mama ta dube ni sau ɗaya, dogon kallo. Bilki ba ta yi kuka a gaban kowa ba. A makaranta aka yi kwana biyu ana jajanta mata, a na uku wasu suka fara cewa dama ƙarya ce, ta mayar wa mai ita. Gindin almon ya watse, sunan Olowo ya bi ruwa, Kehinde ta koma wurin wata mai sabuwar igiyar tsalle. Bilki ta dawo bayana, tana riƙe hannuna a layin dogo, tana cewa Yaya kaza Yaya kaza. Na sami abin da nake so cif-cif, kuma ban taɓa jin abu marar daɗi irinsa ba. Bayan shekara biyu mahaifinta ya zo ya tafi da ita, muka rabu ban faɗa mata ba.

Shekaru sun tafi. Baba ya rasu, rumfar ta dawo hannuna, yanzu ni ke datse dila. Lokacin da aka canza mana takardun naira, na ga tsofaffi a bakin banki riƙe da kuɗin da mai burodi ya ƙi karɓa, sai maganar Malam Ɗanladi ta dawo mini sabuwa, da fuskar budurwar nan mai ganye a ka. Na ba babban ɗana labarin, ban ɓoye masa komai ba. Ya duba a wayarsa ya ce ai masu tara tsofaffin kuɗi suna sayar da irinta, ya sa aka aiko mini da ɗaya. Bara da na je Ringim bikin 'yar Bilki, bayan an watse da rana muna zaune a inuwar ɗakinta muna tsince shinkafa, na ciro ta daga jaka na ajiye mata a cinya. Na ce ni na ɗauke waccan, na faɗi inda na sa ta, na ce ta yafe mini.

Ta goge hannu a zane ta ɗaga takardar, ta daɗe tana kallon budurwar. Ta ce wannan ta fi tata sabunta, tata tana da 'yar tsaga a kusurwa. Sannan ta ce:

"Yaya, ai na gan ki. Na dawo ɗaukar gammo, ina bakin ƙofa kina turawa a baƙar kwat."

Na ce to me ya hana ta ɗauke kayanta, ga shi ta san wurin, ga dare guda a gabanta? Ta yi dariya irin tata marar sauti, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

"In na ɗauka, za ki san na sani. Kuma ni a Legas ba ni da wata Yaya sai ke."

Yanzu Agege ta canza, an yi gada a inda muke tsallake layin dogo, gidanmu na haya ya zama shaguna, bencin Malam Ɗanladi babu ko alamarsa. Dilolin da ke zuwa ma an riga an lalube su tun can, da wuya a sami ko maɓalli, yaran gida kuma wayoyinsu sun ishe su, ba mai zama a tabarma don tarkace. Ni kaɗai ce har yau in na ga tsohuwar kwat mai nauyi sai na ajiye abin da nake yi na zura hannu a aljihun ciki, na bi shafin har ƙasa. Na san ba za ta dawo ba. Takardar da ba ta sayen ƙwayar gyaɗa, ita ce abu mafi tsada da na taɓa ɗauka a hannun wani.